Kaka Ta Ba Kowa Kaza, Ban Da Ni

Allah da Ya ba mu aron Kaka Ya karɓi abinSa a tsakiyar bazarar bana, da hantsi, rana na toya ƙasa kamar ana bin ta da wuta. NaSa muke, kuma can muka nufa. Uwar mahaifina ce. Ita ta goye shi, da ya riga ta tafiya kuma sai ta ɗora ni a inda ta sauke shi. Shekarunta kada ku tambaye ni. Ni dai da na buɗe ido tsohuwa na gan ta, kuma ina kyautata zaton dutsen Dogon Dutsi ma da ya tashi, a tsohuwa ya same ta.

Na zauna makoki da yawa a rayuwata, don tela ne ni a kasuwa, kowa ya rasu sai an tuna da ni. Amma ban taɓa ganin zaman makokin da kaji suka fi mutane yawa ba sai na Kaka.

Tun washegarin jana'iza abin ya fara. Muna zaune kan tabarmi a ƙofar gida, can ƙauyenmu na kan hanyar Matankari, sai ga wani dattijo ya sauko daga amalanke da kaza a hammata. Ya yi sallama, ya durƙusa, ya ce, "Sannunku da haƙuri. Allah shi jiƙan Inna. Ga ajiyarta na maido." Kafin mu shafa fatiha sai ga wata mata daga Kiéché da kaji a kwando. Bayanta ga wasu daga Dogon Kiriya, direban motar da ya kawo su yana ta rantsuwa ba zai ƙara ɗaukar 'yan gaisuwar gidanmu ba, wai an mayar masa da mota akurki. Kafin azahar liman na addu'a, zakaru na amsa masa. Duk kazar da ka duba iri ɗaya ce: wake-wake, mai gajerun ƙafafu, tana tafiya kamar tana jin haushin ƙasa. Kajin Kaka ke nan.

Wanda bai san ta ba zai yi mamaki, to bari in faɗa muku. Kaka ba ta taɓa tara kajinta wuri ɗaya ba. Ta ce annobar kaji in ta shigo gari ba ta sallama, kwana kaɗan sai ka ga akurki shiru. Saboda haka duk shekara sai ta zaɓi 'yan matan kaji ta rarraba su gari-gari, a hannun mutanen da ta yarda da su. Ƙwai da 'yan tsaki na mai riƙo ne, uwa kuwa ta Kaka ce. In cuta ta share mata gida, sai ta aika a kawo mata ɗaya, iri ya ci gaba. A wurinmu, Kaka ta miƙa maka kaza ya fi a rataya maka lambar girma a gaban jami'an tsaro na sandarma. Shaida ce cewa kai mutum ne.

To jama'a, ni jikanta na fari, ni da take kira "mijina" tun ina tsirara, ni nake kiranta "amarya" har bayan haƙoranta sun yi sallama da ita, ban taɓa samun ko gashin kazarta ba. Ina zaune ina karɓar gaisuwa, hawaye na zuba, amma in faɗa muku gaskiya rabinsu na rashi ne, rabi na kishi. Kowa ya zo da kazarsa da labarinsa. Ni hannuna sai carbi.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne taubashina, ɗan Goggo 'yar'uwar mahaifina. Da yake shi ma jika ne, shi ma mijinta ne, mun daɗe muna takarar tsohuwar nan. Shi ba kaza ɗaya ya kawo ba. Jaki ya koro, kaji na reto dama da hagu, ga wani jibgegen zakara a kafaɗarsa kamar mai zuwa karɓar sarauta. Ya zauna kusa da ni, ya gama gaisuwa da fuskar tausayi, sannan ya sunkuyo ya raɗa min, "Muzuru, ina taka ajiyar? Ko ka cinye ta tun kan hanya?"

Na ce, "Kai dai ka ji tsoron Allah, makoki muke."

Ya ce, "Ai shi ya sa na yi maganar a hankali."

Muzuru sunan da Kaka ta laƙaba min ne. Asalinsa ba wani laifi ba ne, ina son naman kaza ne kawai, so irin wanda in na bi ta ƙofar gida kaji kan bar cin dusa su yi tagumi. Duk lokacin da na roƙe ta ajiya sai ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Mijina, in na ba ka kaza, mi za ka maido min? Ƙashi ko gashi?" Na yi rantsuwa, na kawo shaidu, har na taɓa cewa ta ba ni wadda ta fi kowace tsufa da muni. Ta ce ai ita ma tsohuwa ce, ba za ta kai 'yar'uwarta mahallaka ba.

Kaka ba ta da gona mai girma. Abin da take da shi garka ce, ɗan fili a bayan ɗakinta kewaye da dangar kara, wanda in ka kwanta a ciki ka miƙe sosai ƙafarka za ta taɓa maƙwabta. Amma abin da ke fita daga wurin nan, wallahi sai ka ce kasuwar Juma'a. Yakuwa, rama, barkono, kabewa na hawa danga, zogale a kusurwa. Da bazara ta kama, lokacin da mu ke neman inuwa muna fifita, ita lokacin aikinta ya zo. Ta gyara danga, ta share akurki, ta barbaɗa toka a ciki saboda ƙuma, ta watsa taki, ta yi ta duban gabas tana jiran hadari. Ruwan wanke kwano ba ya zubewa banza a gidanta, kowane ɗigo ya san gindin da za shi. Kaskon ruwan kaji kullum da sassaƙen maɗaci a ciki. Ta kan kifa tsohuwar tukunya cike da kashin shanu da karmami a bakin suri, da safe ta kwaso gara ta zuba wa 'yan tsaki, tana yi musu magana kamar 'ya'yan maƙwabta: "Ke mai baƙin wuya, bari ƙanwarki ta ci." In shirwa ta gilma a sama kuwa, ihun da tsohuwar nan za ta yi, na tabbata ana jin sa a Matankari.

Sarauniyar garkar ita ce kuɓewa. Wata ja ce, gajera, mai saurin haihuwa, ko damina ta yi rowa ita sai ta bayar. Kaka ta ce uwarta ta ɗauro mata irin a bakin zane ranar da aka kai ta ɗaki. Kaza takan bayar. Ɗanyar kuɓewa takan cika maka ƙwarya, busasshiya ta daka maka. Amma iri, ko Goggo da ta haifa ba ta taɓa ba ƙwaya ɗaya ba. Yana cikin wata gora da ke rataye a ɗakinta, an cakuɗa shi da toka an liƙe bakin da laka. Garkar ma ba mai shiga. Na taɓa sa ƙafa ɗaya, ta bi ni da muciya har bakin rijiya, alhali a lokacin ina da mata da 'ya'ya.

Kada in sa ku ɗauka mai rowa ce. A cikin masu gaisuwa akwai wani mushe, wato malamin boko, da aka taɓa kawowa lakwal, makarantar ƙauyenmu, daga can yamma, Hausarsa ma a karye take. Ya zo da matarsa da kazarsu. Matar ta ba mu labari tana kuka, cewa shekarar da ɗansu na fari ya koma, ta shige ɗaki ta daina ci ta daina magana. Kaka ba ta yi mata wa'azi ba. Ta ɗauko kaza mai sababbin 'yan tsaki ta sake mata a tsakar gida ta ce, "Ɗiyata, ni ƙafa ta hana. In ba ki fito kin ba su ruwa ba, mutuwa za su yi." Ta juya ta tafi. Matar ta ce 'yan tsakin nan ne suka fito da ita rana. Kowa ya share hawaye, har da ni. Amma a cikin raina ina cewa: har baƙon da bai iya cewa "kuɓewa" daidai ba an ba shi, ni ban da ni.

Ba wai ba ta ba ni komai ba. Tana ba ni. Duk bazara, in ta gama share akurki, sai ta cika buhu da kashin kaji ta ɗaure baki, ta ce, "Mijina, ga rabonka. Ka kai bayan katangarka ka juye." Haka zan ɗaure shi a bayan babur in ratsa garin Dogon Dutsi, ƙudaje na yi min rakiya kamar ango, 'yan tasha na toshe hanci suna cewa, "Tela, yau ma amarya ta yi maka kyauta?" Taubashina ya tafi da budurwar kaza, ni in tafi da abin da ta bari a baya. Shekara da shekaru.

Faɗanmu mafi girma a kan buhun nan ne. Wata bazara na je na tarar ta ba taubashina zakara a gabana, har tana shafa masa kai, shi da zakaran duka. Na yi zuciya. Na ce, "Amarya, na sake ki. Ki riƙe kashinki, ki riƙe ɗan Goggo." Na hau babur na bar buhun a ƙofar akurki. Na ɗauka za ta aiko a ba ni haƙuri. Ta aiko kuwa. Ranar kasuwa, ina tsakiyar auna wani alhaji, sai ga direban motar ƙauye ya dire buhu a bakin shagona, ya ɗaga murya yadda har mahauta suka ji: "Tela! Tsohuwa ta ce ba ta karɓi sakin ba, kuma ka juye wanga kamin ruwa shi sauka!" Alhajin ya tafi bai dawo ba har yau. Da yamma na sayi goro na koma biko. Ta karɓi goron, ta tambaye ni abu ɗaya tak: "Ka juye?" Na ce na juye. Ta ce, "To zauna ka ci tuwo."

Ni kuwa inda nake rama wa a wurinta shi ne kuɓewar bayan gidana. Duk damina sai kuɓewa ta fito a jikin katangata, ban shuka ba, ban yi noma ba, uwar 'ya'yana ta yi ta tsinka muna sha har kaka. Na cika gari da labari. Na ce ƙasata albarka gare ta. Wata rana na ce aljana doguwa ce ke shuka min da kanta don tana son barkwancina, har wani matashin ɗan kasuwa mai ɗagaggen wando ya tsayar da ni ya yi min nasiha mai tsawo. Na je har gaban Kaka na ce, "Amarya, ki ci gaba da rataye gorarki. Tawa kuɓewar ba ta san wahala ba, kuma ta fi taki yauƙi. In na ɗaga loma a nan, sai yauƙin ya bi ni har tasha bai tsinke ba." Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka ba ta ruwa. Na ɗauka haushi ne ya shaƙe ta, na koma gida ina murna.

Daminar bara Kaka ta kwanta ciwo. Garka ta rasa mai ita, awaki suka fasa danga suka cinye kuɓewar tun ba ta ƙosa ba. Da ta ɗan farfaɗo ta ce ba komai, akwai saura. Bana kuma da bazara ta kama ba ta iya riƙe tsintsiya ba, akurki ya zauna ba shara. Na je gaishe ta kwanaki kaɗan kafin rasuwarta, ta riƙe hannuna ta ce, "Mijina, bana ban ɗaura maka rabonka ba." Na ce, "Alhamdu lillahi, hancina ya huta." Ta yi murmushi. Maganarmu ta ƙarshe ke nan. In na tuna sai in ji kamar an zuba min garwashi a ƙirji.

Ranar sadakar bakwai, bayan an yanka abin da za a yanka a cikin kajin, wanda kuma, ku shaida, ko ƙafa ban iya ci ba, sai Goggo ta tara mu a tsakar gida. Gabas ta fara haɗa baƙi. Ta ce, "Ruwa na bisa hanya. Garkar Inna ba za ta kwana banza ba. A sauko da gora." Taubashina ya riga ni miƙewa, kamar kullum. Ya sauko da ita, Goggo ta fasa lakar bakin, ta juye a faifai.

Gari ne ya zubo. Gari da 'yan ƙwari suna yawo a ciki. Ashe lakar ta tsage tun bara, tsohuwa ba ta da ƙarfin sake liƙewa. Goggo ta sa yatsa tana tonawa, tana neman ko ƙwaya ɗaya mai rai. Babu. Wannan matar da ta wanke uwarta ba ta yi kuka a gabanmu ba, sai ga ta ta rufe fuska da mayafi tana cewa, "Irin kakata. A hannuna ya ƙare." Na nemi abin dariya a cikina, na rasa. Sai a lokacin na ji Kaka ta mutu da gaske.

Daga can bayan mata sai na ji muryar uwar 'ya'yana, wadda a gidan surukai ba a cika jin ko tarinta ba. Ta ce, "Goggo, ki yi haƙuri. Iri na nan."

Goggo ta ɗago. "Ina?"

"Yana rataye a madafina. Na bara ne, na bar shi ya bushe a jikin kara."

Na juya na ce, "Ke, wane iri? Maganar kuɓewar Kaka ake yi, ba tawa ba."

Ta ce, "Malam, ai ba ka da kuɓewa."

Ta ci gaba da magana tana duban ƙasa. Wai tun shekarar da aka kawo ta gidana Kaka ta kira ta ɗaki ta gaya mata. Duk buhun da aka ɗaura min, akwai tafin iri a cakuɗe a ciki. Yadda take raba kaji saboda annoba, haka ta raba kuɓewa saboda irin wannan rana. Aikin uwar 'ya'yana shi ne ta kori awaki, ta bar 'yan ƙwaya su ƙosa, ta rufe baki.

Za ku ce shekaru nawa ban lura ja ce gajera ba? Jama'a, ni kuɓewa a cikin miya na san ta. Ban taɓa zagayawa bayan katangar nan ba sai ranar juye buhu, shi ma ina toshe da hanci.

Na ce, "To don me ba a gaya min ba? Ni ne fa mijin!"

Ta ce, "Ta ce in ka sani, kamin la'asar duk tasha ta sani, kamin magariba ka rabar da shi ga masu yi maka dariya."

Taubashina ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki. Goggo tana kuka tana dariya lokaci guda. Ni kuwa wani sabon kishi ya taso min, wanda ya fi na kaji zafi. Na ce, "Ashe ma ba ni aka ba ajiyar ba. Ke aka ba. Ni jaki ne kawai, ɗan dako."

Sai ta ɗago ido ta dube ni a gaban surukanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta ce, "Na taɓa ce mata ta ba ni irin a ƙulle in kai da kaina, ka huta da wari. Ta ce a'a. Ta ce kaza kowa na iya karɓa, yana murna. Amma wanda zai zo duk bazara ya ɗauki kashinta, yana ƙorafi yana ɗauka, har ya tsufa bai daina zuwa ba, mutum ɗaya gare ta."

Na tambayi inda tsintsiya take. Waɗanda suka san ni za su gaya muku wannan bai taɓa faruwa ba tun da aka yanke min cibiya. Na tashi na ɗauki tsintsiyar Kaka na shiga akurki. Na share shi tas, na barbaɗa toka yadda na ga tana yi, na cika buhu. Na daɗe a ciki fiye da yadda sharar ke bukata, kuma duk wanda ya ce ya ji wani abu, ƙura ce ta shiga min ido.

Ruwan farko ya sauka bayan 'yan kwanaki. Uwar 'ya'yana ta ɓare kuɓewar ta jiƙa irin, muka kawo shi ƙauye a ƙwarya. Goggo ta buɗe ƙofar garka ta ce in shiga. Na tsaya a bakin danga ina waige, don har ga Allah jikina na jiran muciya. Na shuka rabi a nan, rabi a bayan katangata. Yanzu haka duka biyun sun fito, jajayen kara, gajeru, suna tsaye kamar mai su. Kajin da suka rage Goggo ta mayar wa masu riƙo, ta ce ajiya ta ci gaba. Na miƙa hannu ko za a dace, ta ce Inna ba ta bar wasiyyar a ba muzuru kaza ba.

Shekaranjiya taubashina ya zo shagona, ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi ɗinkina, abin da bai taɓa yi ba, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, in kuɓewa ta ƙosa, a ɗan tuna da ni da iri."

Na ce, "Ka zo da bazara. Ka zo da jakinka da buhu. Sai na ga irin ɗaukarka tukuna."

Allah Ya jiƙan Kaka, Ya yafe mata, Ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta sanyaya gindin kowace shuka. Ya ba ta garka a Aljanna wadda akuya ba ta fasawa. Ku da kuka riƙe kajinta, ku sa ta a addu'a duk safiyar da kuka watsa musu dusa. Ni kuma, amarya, ban sake ki ba. Idan Allah Ya sada mu, ko 'yar tsako ce, ki taimaka ki ba ni a gaban ɗan Goggo.